Ajantina ba ta zagayuwa a mako biyu

Duk wanda sana'arsa tsara wa mutane tafiya ce, kamar yadda tawa take, ya san irin takardar da mai son hutu a Ajantina yake kawowa. Hutun nasa mako biyu ne, amma wuraren da ya jera sun kai shida: Buenos Aires saboda filin ƙwallon La Bombonera, magangarar ruwa ta Iguazú, duwatsu masu launi na Salta da Jujuy, Mendoza a gindin tsaunukan Andes, dutsen ƙanƙara na Perito Moreno, sai kuma Ushuaia da ake yi wa kirari da ƙarshen duniya. Ban ga laifinsa ba, domin kowane ɗaya daga cikinsu ya cancanci a je dominsa, kuma a taswirar waya duk suna kama da maƙwabta. Sai dai shawarar da nake bayarwa ba ta canzawa: wanda yake da mako biyu ya ɗauki Buenos Aires, ya ƙara wuri biyu a kanta, su ma biyun su kasance waɗanda lokacin ziyararsu ya zo ɗaya. Abin da ya wuce haka ɓarnar kuɗi ne da wahalar da jiki, kuma ga dalilaina.

Dalili na farko girman ƙasar ne. Faɗin Ajantina ya kusa murabba'in kilomita miliyan 2.8, wato ta ninka Najeriya sau uku, ita ce ta takwas a duniya, kuma babu ƙasar da ake magana da Sifaniyanci da ta kai ta faɗi. Abin da ya fi faɗin muhimmanci ga matafiyi shi ne siffarta: doguwa ce, daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 3,700, kuma wuraren da baƙi suke marmari suna can gefe-gefe, kowanne a kusurwarsa. Daga Buenos Aires zuwa Puerto Iguazú a mota kusan kilomita 1,300 ne, ya ɗara tafiyar Kano zuwa Legas. Zuwa Bariloche kimanin 1,600. Zuwa Ushuaia ya haura 3,000. Hanyar nan da ake kira Ruta 40, wadda take bin gefen Andes, ita kaɗai ta wuce kilomita 5,000. Mutumin da ba zai taɓa tunanin ya ga Sakkwato da Kalaba da Maiduguri da Legas a hutu ɗaya ba, shi ne yake rubuta tafiyar da ta ninka wannan, don kawai sunan ƙasar ɗaya ne.

To, a zo ga lissafin kwanaki, wanda shi ne ainihin aikinmu. Babu jirgin da yake tashi daga Najeriya ko Nijar kai tsaye zuwa Buenos Aires. Sai an bi ta Addis Ababa, ko Istanbul, ko Dubai, ko wani birni a Turai, kuma da yawa daga cikin jiragen sukan ya da zango a Birazil kafin su ƙarasa. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kwana uku daga cikin 14, saura 11. Daga nan kowane sauyin gari yana cin yini. Mutane sukan ƙi yarda da wannan, su ce ai jirgin Iguazú bai cika awa biyu ba. Gaskiya ne. Amma sai ka haɗa kaya ka bar masauki, ka isa filin jirgi da wuri, ka jira, ka sauka, ka jira jaka, ka nemi mota, ka isa sabon masauki ka tarar ɗaki bai shirya ba. Kafin ka natsu la'asar ta yi. Ga kuma wani abu da taswira ba ta nunawa: yawancin jiragen cikin gida Buenos Aires ce cibiyarsu, don haka wanda zai tashi daga Iguazú zuwa El Calafate, garin da ake zuwa Perito Moreno daga shi, yawanci sai ya koma babban birnin ya sake hawa wani jirgin na fiye da awa uku. Birnin kuma filayen jirgi biyu gare shi, Ezeiza da yake can wajen gari da nisan kilomita 30 da wani abu, da Aeroparque da yake cikin gari a bakin kogi. Ana iya sauke ka a ɗaya, jirginka na gaba yana ɗayan, cunkoson motoci a tsakani. Mai wuri shida zai yi sauyin gari aƙalla sau shida. Cire shida daga 11, abin da ya rage masa na ganin ƙasa kwana biyar ne, a raba wa wuri shida. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma shi aka fi mantawa: yanayi. Ajantina tana kudancin duniya, don haka Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafinta, Yuni zuwa Agusta kuma hunturu. Wannan da yawa sun sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yankunan ƙasar ba sa daɗin ziyara a lokaci guda. Patagoniya, inda El Calafate da El Chaltén da Ushuaia suke, lokacinta daga Nuwamba ne zuwa Maris. A hunturu yini yana gajarta ƙwarai, a Ushuaia ma bai fi awa bakwai da 'yan mintuna ba a watan Yuni, kuma masaukai da dama a ƙananan garuruwan masu hawan dutse suna rufewa. Arewa maso yamma kuwa, wato Salta da Jujuy, a daidai waɗannan watanni na Disamba zuwa Maris ne damina take sauka, ruwa yakan yanke hanyoyin dutse, kuma an fi jin daɗinta daga Afrilu zuwa Nuwamba. Ashe wanda ya haɗa Perito Moreno da kwarin Humahuaca na Jujuy a tafiya ɗaya ya riga ya yarda ɗayansu zai same shi a lokacin da bai dace ba, in ba ya zo a ɗan tsakanin nan na Maris da Afrilu ko Oktoba da Nuwamba ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin iyalai da dogon hutun makaranta suke tafiya, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, wanda tsakiyar sanyi ne a can. Mai tafiya a wannan lokaci ya fuskanci arewa: Iguazú, Salta, Jujuy. In kuwa dusar ƙanƙara yara suke son gani, Bariloche ta wadatar, da sharaɗin an tanadi tufafin sanyi na gaske, ba rigar sanyin da muke sawa a hunturun Kano ba. Mai hutun Disamba shi ne ya dace da kudu, amma ya sani Janairu watan hutun 'yan ƙasar ne, kujerar jirgi da ɗakin otal duk suna tsada suna ƙaranci.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu tana da nauyi, tafiya ce ta sau ɗaya a rayuwa, kuɗin tikiti ya yi yawa, ba za a sake dawowa ba, don haka gara a taɓa ko'ina ko da kaɗan-kaɗan ne. Na fahimci wannan, amma ina ganin hujjar tana goyon bayana ne. Idan sau ɗaya za ka ga Iguazú, yaya za ka ba ta rabin yini? Magangaru ne kusan 275 a jere a tsawon kilomita 2.7, akwai hanyar sama da hanyar ƙasa, akwai ƙaramin jirgin ƙasa da yake kai mutane kusa da Garganta del Diablo inda ruwa yake faɗowa daga tsayin kimanin mita 80. Idan kogin ya cika sosai akan rufe gadar da take kaiwa can, kuma wanda ya ware yini ɗaya tak ba shi da gobe. Haka Perito Moreno, da yake da nisan kilomita 80 daga El Calafate: abin da yake kai mutane shi ne su ga gaɓar ƙanƙara ta ɓalle daga bangon da ya kai tsayin mita 60 ta faɗa cikin tafki, wannan kuwa sai da zama da jira. Iskar Patagoniya ma takan jinkirta jirage. Tsarin da babu kwanan rara a cikinsa, jinkiri ɗaya ya isa ya rushe duk abin da ke bayansa, har da jirgin komawa gida, wanda shi ne mafi tsada a cikin tikitocin.

Wasu kuma sukan ce a bar jirgi a hau motar dare, an rage kuɗi an kuma tsira da kuɗin otal. Motocin dogon zango na Ajantina suna da kyau, ba na musu. Daga tashar Retiro suke tashi, akwai kujerar semicama mai ɗan kwantawa, akwai cama da take kusan zama gado. Zuwa Mendoza, tafiyar awa 13 ko 14, dabara ce mai kyau: ka hau da yamma ka sauka da safe. Amma Iguazú kusan awa 18 ce, Bariloche ta haura 20, waɗannan sun cinye dare da yini. Sannan ga tarkon da ya fi kama masu fasfo irin namu. Ushuaia tana kan tsibirin Tierra del Fuego, kuma babu yadda za a kai ta ta ƙasa sai an ratsa yankin Chile, an tsallake mashigin Magellan a jirgin ruwa. Bature mai fasfon da ba ya buƙatar biza zai wuce abinsa, shi ya sa shawarwarin da Turawa suke rubutawa a intanet ba sa ambaton wannan. Ɗan Najeriya kuwa bizar Ajantina da ya karɓa a Abuja ba za ta shigar da shi Chile ba. Haka abin yake a Iguazú: za ka ji ana cewa sai an tsallaka ɓangaren Birazil ake ganin magangarar gaba ɗaya, amma tsallakawar tana buƙatar bizar Birazil, kuma tun daga gida ake neman ta. Duk ƙarin wuri a takardarka yana iya zama ƙarin ofishin jakadanci.

Akwai kuma abin da ya shafi ibada da abinci, wanda shi ma yana son a rage yawo. A Buenos Aires Musulmi ba zai sha wahala sosai ba. Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd tana unguwar Palermo tun shekarar 2000, a filin da gwamnatin Carlos Menem ta bayar, kuma ana samun naman halal a birnin idan an tambaya. Da an fita zuwa ƙananan garuruwa sai an yi hattara: tsiran chorizo yawanci da naman alade ake yi, morcilla da jini, kuma ko empanada ta nama ko ta cuku yana da kyau a tambayi irin kitsen da aka murza fulawarta da shi. Wanda ya kwana huɗu a gari ɗaya zai gano inda zai ci kifi, ko ya kama masauki mai kicin ya dafa da kansa. Wanda kullum yake kan hanya, abin da ya samu a tasha shi zai ci, ko ya kwana da yunwa, ga shi gidajen abinci ba sa buɗewa da dare sai wajen ƙarfe takwas. Lokutan salla ma suna sauyawa da nisan kudu. A Ushuaia cikin Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. A Jujuy kuma wata matsalar ce daban: hanyar Purmamarca zuwa Salinas Grandes tana hawa sama da mita 4,000, iska tana ƙaranci, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya kamata ya ga likitansa tun kafin ya sa wurin a tsari. Jiki yana buƙatar kwana ɗaya ko biyu ya saba, tsarin gaggawa kuwa ba ya bayar da su.

Batun kuɗi gajere ne. Hauhawar farashi a Ajantina ta haura kashi 200 cikin 100 a 2023, kuma dokokin canjin kuɗi sun sauya bayan nan, don haka duk farashin da ka karanta a rubutun da ya kwana biyu kada ka gina lissafi a kansa. Ka riƙe dala sababbi marasa yagewa, kada ka dogara da katin banki ɗaya, kuma katinka na rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, musamman in za ka Iguazú.

Ga yadda nake raba kwana 11 ɗin. Mai zuwa tsakanin Afrilu da Oktoba: huɗu a Buenos Aires, uku a Iguazú, huɗu a Salta da Jujuy. Mai zuwa tsakanin Nuwamba da Maris: huɗu a Buenos Aires, huɗu a El Calafate da El Chaltén, uku a Ushuaia, kuma ta jirgin sama, wanda bai kai awa ɗaya da rabi ba daga El Calafate. A kowanne, daren ƙarshe a Buenos Aires ake yin sa, kada a haɗa jirgin cikin gida da na komawa gida a rana ɗaya. Ina roƙon duk mai wannan niyya, kafin ya biya kuɗin tikiti ko ya nemi biza, ya fara tsayar da watan da zai tafi, ya bar watan ya zaɓa masa arewa ko kudu, sannan ya soke sauran wuraren daga takardarsa.