Ginin Ƙasa Zan Zana, Ko In Bi Sahun Abokaina?

Malam,

Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta zanen gine-gine a wata jami'a. Haifaffen Yako ne ni, a ƙaramar hukumar Kiru. Mahaifina magini ne, haka ma kakana. Tun ina yaro nake taka ƙasa ina miƙa tubali, kuma da kuɗin ginin nan aka biya mini makaranta.

Da aka zo zaɓen aikin kammala digiri, na ce makarantar firamare zan zana, ta ƙasa, wadda za ta dace da garinmu. Ajin da na yi karatu bulo ne da kwano, in bazara ta yi sai dai mu koma gindin bishiya. Malamin da ke duba aikina bai hana ba, amma ya ce in sake tunani, kada masu jarrabawa su raina aikin. Abokaina otal da manyan kantuna suke zanawa, suna tsokanata da Sarkin Magina. Abin da ya fi ci mini rai, Baba da kansa ya ce bai tura ni jami'a don in dawo cikin laka ba. Yaya zan yi?

Ɗalibi daga Yako

Ɗana,

Maganar Baba ce ta fi tsaya mini. Ba ƙasar ya tsana ba. Ya ga yadda mutane suka juya wa sana'arsa baya, yana gudun kai ma a raina ka. Wannan tsoron uba ne, kada ka yi musu da shi.

Ka yi aikinka. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1830 zuwa 1840, har yau masana zane na nazarin bakan gizonsa. A Nijar, masallacin Yama na magini Falke Barmu ya ci lambar Aga Khan a 1986. Wanda ya fi kama da kai shi ne Francis Kéré na Burkina Faso: ya gina wa ƙauyensu Gando firamare da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga kwanon sama da rufin ƙasa don iska ta ratsa ta kwashe zafi, a 2022 aka ba shi Pritzker, lambar da ta fi kowace girma a fanninku.

Sai dai malaminka ma yana da gaskiya. Ƙaunar gado ba ta cin jarrabawa, awo ke ci. Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne, kuma yankinku, daga Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, ya fi birnin Kano samun damina. Za a tambaye ka yadda za ka tsare gindin bango daga zaizaya, ina indararo zai zubar, wa zai riƙa yaɓe duk shekara. Azara kuma ta yi tsada, giginya na ƙarewa, ga shi guda ɗaya ba ta ɗaukar faɗin aji. Amsar waɗannan ita ce aikin naka.

Saboda haka ka ɗebo ƙasa daga kududdufan da maginan Yako ke haƙa, ka matsa bulo, wani zalla, wani da ɗan siminti, ka kai ɗakin gwaji a auna ƙarfinsu da yadda suke shan ruwa. Ka sa ma'aunin zafi a soron gidanku da kuma tsohon ajinku, ka riƙa rubutawa safe da azahar har mako biyu. Ka fitar da kuɗin aji ɗaya a ƙasa da a siminti, ka ajiye wa malaminka a kan tebur.

Sannan ka je wa Baba da littafi da biro. Ka tambaye shi yadda yake gane ƙasa mai kyau da hannu, yadda ake jiƙa makubar ɗorawa, kwana nawa ake barin kwaɓi ya ruɓa. Ka nemi izininsa ka sa sunansa cikin waɗanda ka ɗauki ilimi a wurinsu, kuma ranar da za ka kare aikin, ka roƙe shi ya raka ka.