Yadda Ake Cike Takardar Harajin Kuɗin Shiga a Zariya

Takardar harajin kuɗin shiga ita ce bayanin da mutum yake miƙa wa hukuma sau ɗaya a shekara, yana nuna abin da ya samu daga Janairu zuwa Disamba, da abin da doka ta yarda a ɗebe masa, da harajin da ya hau kansa. Wannan haraji na jihar da mutum yake zaune ne, ba ta inda aka haife shi ba. Saboda haka mai shagon waya a PZ, da ɗan kasuwar Sabon Gari, da malamin Jami'ar Ahmadu Bello da ke zaune a Samaru, duk Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kaduna, wato KADIRS, suke miƙa wa. Sojoji da 'yan sanda ne nasu yake tafiya ga hukumar tarayya.

Wa'adin miƙa takardar shi ne 31 ga Maris, a kan abin da aka samu a shekarar da ta gabata. Masu ɗaukar ma'aikata kuwa suna miƙa bayanin albashin ma'aikatansu kafin ƙarshen Janairu. Cire haraji daga albashi bai rufe maganar ba, domin ma'aikacin da yake da gidan haya ko gonar kasuwanci ko shago dole ya haɗa wannan samun da albashinsa.

Aikin yana farawa da tattara takardu: lambar haraji, bayanin asusun banki na wata goma sha biyu, takardun albashi, littafin ciniki, rasit na sarin kaya da na haya. A nan ne yawancin 'yan kasuwa suke tuntuɓe. Da yawa suna zuba kuɗin shago da na adashi da saƙon 'yan'uwa a asusu ɗaya, sai a kasa bambance ciniki da amana. Wanda ba shi da rubutu, jami'in haraji yana da hurumin yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba kasafai yake zuwa da sauƙi ba.

Abu na biyu shi ne fitar da riba. Haraji ba ya hawa kan jimillar ciniki ko uwar kuɗi, yana hawa ne kan abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya, hayar shago, albashin yaran shago, wuta da man janareta. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa cikin abin da ake cirewa.

Na uku shi ne rangwame. Dokar haraji da aka sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026, ta yarda a ɗebe kuɗin fansho, inshorar lafiya, inshorar rai, asusun gidaje na ƙasa, da kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan zama, amma rangwamen hayar ba ya wuce naira 500,000. Bayan haka, naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 na gaba ana karɓar kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka yake hawa har kashi 25 kan abin da ya haura miliyan 50.

A ɗauka mai shago a PZ ya yi cinikin miliyan 15, ya sari kaya na miliyan 11, hidimar shago ta ci miliyan 1. Ribarsa miliyan 3 ke nan. Yana biyan hayar gida 500,000, don haka a ɗebe masa 100,000, saura miliyan 2.9. A ware 800,000, a lissafa kashi 15 na miliyan 2.1 da ya rage: harajinsa na shekara naira 315,000. Da an ɗora lissafin a kan miliyan 15 ɗin da suka ratsa asusunsa, da ya haura miliyan biyu.

Biya ta banki ko ta intanet ake yi, ba a hannun wani ba, kuma a adana rasit. Wanda samunsa bai kai mizanin biya ba shi ma yana miƙa takardar, domin rashin miƙawa yana jawo tarar naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata na gaba. Da wannan takarda ake samun shaidar biyan haraji ta shekara uku, wadda ake nema wajen kwangilar gwamnati, takardar mallakar fili da tsayawa takara.