Darasin Kimiyyar Noma: Na'urorin Gwajin Ƙasar Gona

'Yan'uwa ɗalibai, a buhun kamfa mai kilo 50 da aka rubuta 15:15:15, naitirojin ɗin da ke ciki kilo 7.5 ne kacal. A buhun yuriya kuwa kilo 23 ne. Ke nan idan naitirojin kaɗai gona ke nema, sai an zuba kamfa buhu uku kafin a kamo yuriya buhu ɗaya. Da tsadar taki a yau, wannan ba ƙaramar asara ba ce. To, yaya manomi zai san abin da gonarsa ta rasa?

Iyayenmu suna karanta ganye. Tsofaffin ganyen masara su yi ɗorawa, naitirojin ya yi ƙaranci. Su yi shunayya, fosforos ne. Gefensu ya ƙone, fotashiyam ne. Ilimi ne na gaske, sai dai kafin ganye ya nuna, shuka ta riga ta wahala. Tsohuwar hanyar kimiyya kuma ita ce a kai ƙasa ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, a jiƙa ta da sinadarai, a jira kwanaki. Daga Maruta tafiya ce mai nisa.

Sabuwar hanya da haske take aiki. Na'urar tana haska ƙasa da wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa infared. Laka da yashi da ruɓaɓɓen ganye, kowanne yana shanye wani sashe na hasken ya mayar da saura. Na'urar ta auna abin da ya dawo, ta tura wa waya, manhaja ta kwatanta shi da dubban samfuran da aka riga aka gwada a ɗakin gwaji. Cikin 'yan mintuna sakamako ya fito. Kamfanin AgroCares na ƙasar Holan yana ƙera irinta ta riƙewa a hannu. A 2020 kuma an fitar da taswirar iSDAsoil a intanet, mai hasashen yanayin ƙasar Afirka mita 30 bayan mita 30.

Ku lura da kalmar hasashe. Na'urar ba ƙirga sinadari take yi ba, kamantawa take yi. Ta fi dacewa wajen tsamin ƙasa da yawan ruɓaɓɓen ganye. A kan fosforos da fotashiyam takan yi tuntuɓe, musamman idan ba a horar da ita da ƙasa irin tamu ba. Jigawa, wadda jiharmu ta ci sunanta, rairayi ce da ruwan sama ke wanke wa abinci da wuri, ba ɗaya take da lakar fadama ba. Amma 'yan ƙananan na'urori masu araha da ake cakawa a ƙasa su nuna lambobin NPK nan take, yawancinsu ƙarfin wucewar lantarki kawai suke aunawa. Ni dai ba zan sayi taki bisa maganarsu ba.

Sauran aikin a hannun mai ɗibar samfur yake. A bi gona a karkace, a ɗebi ƙasa a wurare 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, a cuɗa a bokitin roba mai tsabta, a shanya a inuwa. Kada a ɗiba a inda aka jibge takin gida, ko gindin gawo, ko kan suri. Tudu daban, fadama daban. Kuma kada a zuba a tsohon buhun taki, don na'ura za ta ce gonar ta ƙoshi alhali yunwa take ji.

Aikin wannan mako: gona tana bukatar naitirojin kilo 46. Buhun yuriya nawa ke nan, na kamfa kuma nawa? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin Juma'a.