Shekarar 415 a Birnin Atina: Yadda Siyasar Gida ta Karya Yaƙin Waje

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan maƙala zan yi tsokaci a kan shekara guda daga tarihin tsohuwar ƙasar Girka, wato 415 kafin Miladiyya. Mu tuna cewa ƙirgen wancan zamani baya-baya yake tafiya, don haka 415 ta riga 413 zuwa. Na zaɓe ta ne saboda a cikinta ake ganin yadda jama'a ke yanke wa kansu hukuncin da zai hallaka su. Mafi yawan labarin daga masanin tarihi Tukididis ya zo mana.

Muhawara a Majalisa

A lokacin, Atina da Sparta suna cikin sulhun da suka ƙulla a 421. Sai jakadun garin Sagesta da ke tsibirin Sisili suka zo neman gudummawa a kan maƙwabtansu, tare da alkawarin biyan kuɗin yaƙi. Nikiyas, dattijo mai taka-tsantsan, ya ce bai dace a bar abokan gaba a gida a je neman wasu a nesa ba. Shi kuwa Alkibiyadis, matashi mai son girma, ya ce a tafi. Da Nikiyas ya ga an rinjaye shi, sai ya zayyana ɗimbin jirage da dakarun da tafiyar ke bukata, da nufin ya tsorata jama'a. Maimakon haka, majalisa ta amince da duk abin da ya lissafa. Garin neman gira aka rasa ido.

Daren Gumaka

Ana cikin shiri, aka wayi gari an farfasa fuskokin gumakan Hamis da ake kafawa a ƙofofin gidaje. Gari ya ruɗe, aka ce maƙarƙashiya ce ta kifar da mulkin jama'a. 'Yan adawa suka zargi Alkibiyadis da wulaƙanta wasu asiran ibada. Ya nemi a yi masa shari'a nan take, suka ƙi, domin sun san sojoji na bayansa.

A Sisili

Rundunar ta doshi Sisili da jiragen yaƙi 134 da dakaru masu sulke 5,100, ƙarƙashin Nikiyas da Alkibiyadis da Lamakus. Suna isa suka tarar dukiyar Sagesta yaudara ce. Ba a jima ba aka aiko jirgi daga gida ya komo da Alkibiyadis gaban shari'a. A hanya ya sulale, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, ya kuma tsere Sparta ya shiga ba ta shawarar yadda za ta karya garinsu. A ƙarshen shekara Atinawa sun yi nasara a fagen daga kusa da Sirakusa, amma rashin dawaki ya hana su cin moriyarta.

Kammalawa

A 413 aka murƙushe rundunar baki ɗaya, aka kashe Nikiyas. A ganina, tun a 415 aka shuka wannan asara: an janye wanda ya yi imani da yaƙin, aka bar shi a hannun wanda tun farko bai so shi ba.