Darasi: Ƙaramar Fitila Mai Tsaron Batir

Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar. Manoma suna taruwa da dare, su saurara, su yi muhawara. Yanzu samari da yawa a ƙasar Damagaram suna haɗa akwatin sauti da hannunsu. Su sami katako, da lasifika, da ampili, da batir. Da shi ake wa'azi, da shi ake biki, da shi ake kiran taron gari.

Amma ga matsala. Akwatin ba ya nuna ko a kunne yake. Taro ya watse, mai shi ya manta, ya kwanta. Ampili yana shan wuta har safe, ko da ba ya magana. Gari ya waye batir ya mutu. Sai kuɗin caji, sai tafiya Mirya ko Magarya. Batir ɗin da ake yawan bari ya ƙare sarai kuma ba ya daɗewa.

Maganin wannan ƙaramar fitila ce. Masu gyaran rediyo suna ce mata led. Wani Ba'amurke, Nick Holonyak, shi ya ƙera ja a 1962. Girmanta kamar ƙwayar wake. Cinta kaɗan ne ƙwarai.

Me ya sa take ƙonewa?

Jan led bolt 2 take bukata. Batir kuwa bolt 12 gare shi. In an haɗa su kai tsaye, sai ta yi walƙiya sau ɗaya, ta mutu.

Mai garka ya san wannan. In ya saki ruwa gaba ɗaya, ruwan ya kwashe shuka. Shi ya sa yake rage bakin hanyar ruwa da ƙasa. Haka wuta take. Abin da ke rage ta sunansa rezistans. Ma'auninsa om, daga sunan wani malamin Jamus, Georg Ohm, wanda ya bayyana wannan doka a 1827.

Lissafi

A ɗebe bolt na fitila daga bolt na batir. Kowane bolt ɗaya da ya rage, a ba shi om 100.

Batir mai bolt 12:
12 − 2 = 10
10 × 100 = om 1000

Batir mai bolt 6:
6 − 2 = 4
4 × 100 = om 400

In ba a sami mai om 400 ba, a ɗauki na gaba da shi, mai om 470. Wanda ya ɗara kaɗan ba ya ɓarna, haske ne kawai zai ragu. Wanda ya gaza da yawa shi ke kashe fitila.

Yadda ake gane shi

Ba a rubuta lamba a jikin ƙaramin rezistans. Zobba ne masu launi. A riƙe shi, zobe mai ruwan zinariya yana hannun dama, a karanta daga hagu.

Om 1000: ruwan ƙasa, baƙi, ja.
Om 470: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa.

Ana nemansu wajen masu gyaran rediyo a kasuwar Dole ta Zinder. Ana kuma cire su daga tsohuwar rediyo.

Yadda ake haɗawa

1. A cire batir tukuna.
2. Led ƙafa biyu gare ta. Doguwa ta tarawa ce (+), gajera ta ɗebewa (−).
3. A liƙa rezistans ga doguwar ƙafa da dalma.
4. Ɗaya bakin rezistans ya tafi ga jan waya, bayan makunni. In an sa shi gaban makunni, fitila ba za ta mutu ba ko an kashe akwati.
5. Gajerar ƙafa ta tafi ga baƙar waya.
6. A naɗe wurin haɗi da salatif, a maida batir, a kunna.

In ba ta kama ba, a juya ƙafafun.

Gargaɗi

Wannan lissafi na batir ne kaɗai. Wutar NIGELEC bolt 220 ce, tana kisa. Kada a gwada shi da ita. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Bolt nawa jan led take bukata?
2. Wace ƙafa ce ta tarawa?
3. Batir mai bolt 9, om nawa zai bukata?

Kowa ya yi lissafin a allonsa, ya nuna wa malamin aji.