Wa Ke Yanke Mudun Waya Da Intanet?

'Yan'uwa, idan mutum ya buga waya daga Kano zuwa Landan, maganarsa ta kan ratsa na'urori iri iri waɗanda ba maƙeri ɗaya ya yi su ba. Abin da ya sa su ke jin juna shi ne ƙa'ida, kamar yadda mudu ke raba gardama a kasuwa. To, wa ke yanke wannan mudu? Hanya biyu ce, sun kuwa daɗe suna ja da juna.

Ta fari ta gwamnatoci ce. A 1865 wakilan ƙasashe 20 suka taru a Paris domin daidaita aikin tangarahu, suka kafa ƙungiyar da a ke kira ITU, wadda mazauninta ke Janiba. Wakilai su kan yi shekaru suna shawara, sa'an nan a buga ƙa'ida, maƙera su bi. Ita ce ta ba Nijeriya lamba 234, Nijar kuma 227.

Ta biyu ta injiniyoyi ce. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn na Amurka suka bayyana dabarar haɗa kwamfutoci wadda ta zama TCP/IP. Taron da ke lura da ita tun 1986, watau IETF, ba ƙasashe ke zama cikinsa ba. Kowa ya so ya shiga. Su kan gwada abu tukuna, in ya yi aiki su amince da shi. Ba su ma jefa ƙuri'a. Wani lokaci masu goyon baya su kan yi "mmm" baki rufe, shugaba ya saurari inda ya fi ƙarfi. Ku gwada haka a aji ku gani!

Karon ya zo sa'ad da ƙungiyar ISO da kwamitin ITU suka shirya nasu tsari mai hawa bakwai, OSI, wanda aka buga a 1984. Gwamnatocin Turai suka goyi bayansa, har ta Amurka ma ta umarci ofisoshinta su sayi na'urorinsa daga 1990. Amma takardun ISO sai an saya, na TCP/IP kuwa kyauta, ga shi kuma ya riga ya kama aiki a jami'o'i tun 1983. Kafin a gama gina OSI, intanet ta yi nisa. A 1995 Amurka ta janye tilascin.

A ganina kada mu yi saurin yi wa hanyar gwamnati dariya. A ITU ƙuri'ar Nijar ɗaya ta ke da ta Amurka. Ƙofar IETF kuwa a buɗe ta ke, gaskiya ne, amma da Turanci a ke magana, kuma wanda kamfaninsa ke biya masa jirgi da masauki sau uku a shekara, lalle muryarsa ta fi ta malamin ƙauye kaiwa nesa.