Sunan Fayil Ya Koma Rubutun Aljanu

Wani mai karatu daga Zariya, wanda ke kula da sabar imel ta wani ofishi, ya rubuto yana kuka. Ya ce akantansu ya aika fayil mai suna "kasafin kuɗi.pdf", amma da ya isa wurin manaja sai ya zama "kasafin kuÉ—i.pdf". Wasu kuma fayil mai suna winmail.dat suke gani, ba ya buɗuwa ko kaɗan. Manaja ya fara cewa kutse aka yi musu, shi kuwa bawan Allah barci ya ƙaurace masa.

Filin nan na ba shi haƙuri, babu ɗan kutse a lamarin. Tun asali an gina imel a kan ASCII, tsari mai alamomi 128 kacal, babu ɗ, ƙ ko ɓ a cikinsa. A tsarin UTF-8, harafin ɗ yana ɗaukar bayit biyu, C9 da 97. Idan wata manhaja a hanya ta karanta su da tsarin Windows-1252, na farko zai fito É, na biyu kuma dogon layi. Abin da manaja ya gani ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne, hanyoyi biyu ake bi wajen naɗe irin wannan suna. Akwai RFC 2231 ta 1997, wadda aka tanada don wannan aiki, akwai kuma RFC 2047 da manhajoji da yawa suka ara duk da ba a yi ta don sunan fayil ba. Matatar ƙwayoyin cuta da ke kan saba, ko manhajar da ke liƙa tambarin ofis a ƙasan saƙo, takan kwance saƙon ta sake ɗaure shi ba daidai ba.

Sai mai karatun namu ya aika saƙon kai tsaye zuwa Gmail, ya buɗe asalinsa, ya duba layin Content-Disposition. In ya ga ku%C9%97i a can, mai aikawa ba shi da laifi. Ya kashe matatun sabar ɗaya bayan ɗaya har ya kama mai ɓarnar.

Batun winmail.dat kuwa na Outlook ne: sai akanta ya sauya tsarin saƙo daga Rich Text zuwa HTML.

Wasu za su ce a daina sa ƙugiya a sunan fayil. Kafin a gyara, ba laifi, ko a zuba fayil ɗin cikin zip mai suna "kasafi.zip". Amma sabar ce ke buƙatar gyara, kuma kwana ɗaya ya isa.